Kalmar Sirri Ɗaya a Hannun Dattawa Tara

Malama Josephine,

Ki taimake ni da shawara, kuma ki taimake ni da wuri, domin wake ya fara bushewa a gona, nan da mako uku ko huɗu za a fara ɗura shi a buhu. Ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba. Har ma ina cikin masu ganin cewa irin wannan fili naku na marasa aikin yi ne. To ga ni yau, da shekara sittin da huɗu a duniya, na zauna ina rubuta miki, saboda na duba duk mutanen da ke kewaye da ni ban ga wanda zai saurari maganar nan har ƙarshe ba tare da ya ce in yi haƙuri ba. Haƙuri na yi shi har ya ishe ni. Na lura kina amsa tambayoyin da suka shafi kwamfuta lokaci-lokaci, kuma ba ki cika zagaye-zagaye ba, shi ya sa na zaɓe ki. Na canza sunayen mutane, ko da yake duk wanda ya san mu zai gane.

Ni na yi karatu, Malama. Ba taƙama nake yi ba, don babu abin da karatun ya tsinana mini. Na yi makarantar mishan, na yi digiri a fannin aikin gona a nan Samaru tun lokacin da ake nuna mai digiri da yatsa in ya wuce, aka kuma tura ni ƙasar waje wata tara na koyo yadda ake adana hatsi. Shekara goma sha tara na yi a wani shirin bunƙasa noma. Ranar da aka rufe shi, takarda mai layi uku aka miƙa mini. Waɗanda na koya wa auna danshin masara yau manya ne, suna wuce ni a mota ina tsaye a bakin titi ina jiran bas ɗin Sabon Gari, wasu su ɗaga hannu, wasu su kama gyaran madubi. A can wurin aikin na fara taɓa kwamfuta, tun tana cika ɗaki guda ana ba ta umarni da kati mai huda. Na faɗi wannan ne don kada ki ɗauka wani tsoho ne da bai san inda ake kunna ta ba.

Akwai wani mutum da zan kira Nehemiah. Ƙauyenmu ɗaya, iyayenmu duka masu bin addinin gargajiya ne, rana ɗaya aka yi mana baftisma a rafi ɗaya. Shi a firamare ya tsaya, ya koma gona, Allah kuma ya buɗa masa. Yanzu shi ne shugaban ƙungiyar manoma ta gundumar ikilisiyarmu, mai ofis ɗaki ɗaya a Jushi. A farkon bara, 2007, ya zo har gida ya same ni. Ya ce tambayoyin da manoma ke kawowa ofis duk shekara iri ɗaya ne: yaushe ake sa taki na biyu, me ke sa ganyen masara ya yi rawaya, yaya za a hana wake ƙwari. Ya ce wata ƙungiyar agaji ta ba su wuri a intanet ba su san abin da za su zuba a ciki ba, me zai hana in rubuta amsoshin sau ɗaya kowa ya huta. Shekara goma sha uku ke nan babu wanda ya tambaye ni komai a kan abin da na sani. Ba zan ɓoye miki ba, nan take na amince.

Na nemo wata manhaja ta kyauta da aka yi musamman don irin wannan aiki, wato a jera tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu, kowace a rukuninta, mai karatu kuma ya iya aiko da sabuwar tambaya. Mako shida na yi ina zirga-zirga daga Samaru zuwa kafen intanet na wani Uzodinma a Sabon Gari, mutumin kirki ne, yana ajiye mini kwamfutar kusa da taga saboda idanuna. Ni na ɗora manhajar, ni na raba rukunan, hatsi daban, taki daban, dabbobi daban, ajiya daban. Ni na bi rubutun da ke kan kowane maɓalli na mayar da shi Hausa ɗaya bayan ɗaya. Yau akwai amsa ɗari da arba'in da uku a ciki.

Za ki ce wane manomi ne ke shiga intanet. Babu. Masu bishara da malaman firamare ne ke shigowa gari taron wata-wata, su biya ta kafe, su shigar da tambayoyin da aka ba su saƙo, su buga amsoshin a takarda. In sun koma ƙauye a karanta bayan sujadar Lahadi, a manna a bangon majami'a. Majami'u goma sha bakwai ke yin haka. A ƙasan kowace takarda akwai sunana, domin ranar da nake ɗora manhajar, inda aka ce a sa sunan mai kula da shafi nawa na sa, har da digirina a gefe. Duk abin da aka rubuta ta wannan ƙofa ta mai kula da shafi da sunana yake fita.

Ga inda matsalar take. Shekara ashirin da suka wuce, mutum ɗaya ke riƙe mabuɗin siton ƙungiya. Wata damina ya tafi jana'iza kudu da mabuɗin a aljihu, ya yi mako uku, taki yana kulle, masara tana lalacewa a gona. Da ya dawo aka yi rigimar da ta kusa raba ikilisiya gida biyu. Daga nan aka yi alkawari a majami'a, a gaban bagade, cewa ba za a sake barin wani mabuɗi na ƙungiya a hannun mutum ɗaya ba. Har gobe mabuɗin sito yana rataye a ƙusa bayan ƙofar ofis, kowane cikin dattawa tara na kwamiti yana da ikon ɗauka, kuma a wurinmu hana dattijo mabuɗi daidai yake da kiransa ɓarawo a gaban jama'a.

Da na kai wa kwamiti rahoto cewa shafi ya fara aiki, na yi kuskuren gaya musu cewa wurin gyara amsoshi a kulle yake, ni ke da kalmar buɗe shi. Nan take aka ce wannan ma ta shiga alkawari. Na yi bayani, na zana a allo, aka saurare ni kamar yadda ake sauraron mai wa'azin da ya wuce lokaci, aka kaɗa ƙuri'a, duka taran suka ɗaga hannu. Sakatare ya rubuta kalmar a minit, wato rubutaccen bayanin taro. Ƙa'idarmu kuma ita ce duk abin da ya shiga minit sai an karanta shi a babban taro na gaba. Malama, ina zaune a benci na uku aka karanta kalmar sirrin shafina da lasifika a gaban mutum fiye da tamanin, wani ya miƙe ya ce an karanta daidai, wani ya goyi baya.

Na yi fushi mako biyu, sannan na bari. Na ce wa kaina mutanen nan ko linzamin kwamfuta ba su iya riƙewa ba, me za su yi da ita.

Mako biyu da suka wuce wata mata ta yi sallama a gidana. Zan kira ta Susanna, shugabar zumuntar mata ce a wani ƙauye bayan Shika. Ba ta zauna ba, ba ta karɓi ruwa ba. Ta ciro wata takarda da aka ɓamɓaro daga bango, ta ajiye a kan tebur, ta tambaye ni ko sunana ne a ƙasa. Amsa ta sittin da biyu ce, kan ajiyar wake. Abin da na rubuta shi ne a shanya wake ya bushe ƙamas, a zuba a duro ko jarka mai tsabta a cika ta maƙil, a toshe baki yadda iska ba za ta shiga ba, kada a buɗe sai an yi wata biyu, kuma kada a sa masa wani magani. Takardar hannunta ta fara da kalmomina, amma a ƙarshe an goge layin hana magani, an sa cewa wanda ba shi da duro ya yayyafa fiya-fiya a kowane buhu. Fiya-fiya, Malama, maganin sauro da kyankyaso da ake sayarwa a kwalba babu ko takarda a jiki. Susanna ta yi wa wakenta ɗan wuri, mai riga saura nuna, haka saboda mai digiri ne ya faɗa. Bayan kwana shida ta ɗiba ta dafa. Mijinta da 'ya'yanta uku sun yi kwana biyu a asibiti suna amai. Allah ya tashi kafaɗunsu, duka sun koma gida. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

A ranar na tafi kafe na gyara amsar. Manhajar tana ajiye tarihin duk gyaran da aka yi, na buɗe, na ga an taɓa ta ranar sha ɗaya ga Agusta da ƙarfe biyu na rana. Wa ya taɓa? Ni. Haka aka rubuta, domin duk wanda ya shiga da wannan kalma, a wurin kwamfuta ni ne. Ga dattawa tara, ga mutum tamanin da suka ji a lasifika, ga duk wanda suka gaya wa.

Na je wurin Nehemiah. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, ya je ya duba iyalin Susanna da kansa, wannan ba zan hana masa ba. Amma da na ce daga yau ni kaɗai zan riƙe kalmar, sai ya ce alkawarin da aka yi a gaban bagade ba ni zan warware shi ba, kuma in na yi haka na shaida wa duniya cewa a cikin dattawa tara akwai mai sa guba a abincin mutane. Ya ce a kai maganar taron kwamiti na ƙarshen Nuwamba. Ƙarshen Nuwamba an gama ɗura wake. Sannan ya gaya mini abin da ya fi ƙona mini rai, wai dattawa sun daɗe suna shiga shafin, masu bishara na danna musu, ba don komai ba sai don su cire zagin da nake sawa a amsoshi. Na koma na duba, gaskiya ne. Inda na rubuta cewa jahili ne kaɗai zai watsa taki a saman ƙasa ya tafi gida, an mayar da shi cewa ya fi kyau a binne takin. Wuri talatin da ɗaya na ƙirga. Har yanzu ina ganin jahilcin ne, amma na yarda ba a karanta irin wannan a majami'a.

Tunda na fara faɗin gaskiya bari in ƙarasa. Littafin bayanin manhajar ya ce da zarar an gama ɗorawa a goge foldar, wato jakar fayilolin da aka yi ɗorawar da ita, don wanda ya san hanyarta zai iya sake ɗora komai daga farko ya zama shi ne mai gida. Ban goge ba, na ce sai na samu lokaci. An fitar da sabon samfurin manhajar sau uku tun bara, ban sabunta ko sau ɗaya ba, ina tsoron Hausar da na sha wahalar sawa ta goge. Kwafin amsoshin ɗaya ne tak, na watan Maris, a filashi, ɗan abin ajiyar bayanai da ke aljihuna. Wurin sharhi a buɗe yake, ya cika da tallar maganin ƙarfin maza da Turanci, ina sharewa suna dawowa. Uzodinma kuma ya nuna mini cewa kwamfutar kusa da taga ta haddace kalmar sirrin, duk wanda ya zauna bayan tashina harafin farko kawai zai buga ta ƙarasa masa. Ni na danna mata ta haddace, don yatsuna sun fara ciwo. Ke nan ba ni da tabbacin ma dattijo ne ya yi.

Ga abin da na ƙudurta. Ranar Litinin ta sama zan canza kalmar in riƙe ni kaɗai, ba zan gaya wa kowa ba. In sun ga dama su kore ni, ba yau aka fara ba. Matata ta ce in na yi haka na rasa abokin da ya rage mini, kuma da gaskiyarta, Nehemiah ne kaɗai ke zuwa gidana ba don gaisuwar mutuwa ba. Wata zuciyar kuma tana ce mini in goge shafin gaba ɗaya, kowa ya koma tambayar mai shagon magani a kasuwa. Amma a shekara goma sha huɗu wannan ne abu ɗaya da na yi da ya isa gonar wani. Ba zan kashe shi da hannuna ba, ba kuma zan bar shi a buɗe wani ya sake kwantar da iyalin mutane da sunana ba. Ki gaya mini ko hanyar da na ɗauka daidai ce, da abin da ya kamata in toshe bayan kalmar sirri. Kada ki ce in yi haƙuri.

Tsohon Ma'aikacin Gona,
Samaru.


Baba, ranka ya daɗe,

Ba zan ce ka yi haƙuri ba, don babu lokacinsa. Amma wasiƙarka ta cika takarda huɗu, ba ka ambaci abin da ya fi gaggawa ba. Ka gyara amsar a intanet, to takardun da ke bango fa? Susanna ta ɓamɓaro ta majami'arsu, saura sha shida, kuma ba ka san nawa ne suka buga tasu bayan sha ɗaya ga Agusta ba. Wanda zai ɗura wake watan gobe ba intanet zai duba ba, bango zai duba, ko ya tuna abin da ya ji an karanta. Wannan ne aikin wannan mako. Ka rubuta gajeriyar sanarwa cewa takarda ta sittin da biyu da ta ambaci fiya-fiya kuskure ce mai haɗari, a yage ta, ga ta gaskiya a maimakonta, kuma wanda ya riga ya yayyafa kada ya ci, kada ya sayar, sai ya nemi ma'aikacin gona ko na lafiya. Ku sa hannu kai da Nehemiah, a kai kowace majami'a kafin Lahadi, a karanta Lahadi biyu a jere. Wannan ba ya buƙatar taron kwamiti. Babur yake buƙata da mutanen da ake jin maganarsu a ƙauye, su kuma a hannun Nehemiah suke. Ka ga dalili na farko da ba za ka ɓata da shi yanzu ba.

A kan kalmar sirri kana da gaskiya. Kalmar da aka karanta a lasifika ta tashi daga aiki, a canza ta, kada ma a jira Litinin. Inda ban bi ka ba shi ne a ɓoye, kuma kai kaɗai. Dattawanku ba wawaye ba ne, sun taɓa ganin masararsu ta lalace saboda mutum ɗaya ya yi tafiya. Allah ya kiyaye, in ciwo ya kwantar da kai a makon da aka gano wani kuskure, wa zai gyara? Abin da su ba su gane ba shi ne wanda ya ɗauki mabuɗin sito ana ganinsa, wanda ya shiga shafi ba a ganinsa. Abin da kai ba ka nuna musu ba kuma shi ne irin wannan manhaja tana iya ba kowa mabuɗinsa.

Ka buɗe sashen masu amfani da shafi. Ka yi wa kowane dattijo sunansa da kalmarsa, shi zai zaɓa, shi kaɗai zai sani, ba ta shiga minit. Ka ba su ikon rubutawa da gyarawa, amma ka kunna tsarin da ke tsayar da kowane gyara har sai an amince da shi kafin ya fito. Ikon amincewa ya zama na mutum biyu, kai da wani mai ilimin abin, ma'aikacin gona ko ma'aikaciyar jinya daga cikin ikilisiya, kuma duk amsar da ta shafi magani ko abin da za a ci sai ku biyun kun duba. Kai ma ka yi wa kanka suna na aikin yau da kullum, ka daina shiga ta babbar ƙofa, ka cire sunanka daga kanta ka sa na ƙungiya. Babbar kalmar ka yi ta doguwa, haruffa haɗe da lambobi, ba sunan ƙungiya ba, ba ayar da kowa ya haddace ba. Ka rubuta a takarda, a liƙe a ambulan, ku sa hannu a bakinsa kai da Nehemiah, a ajiye wurin fasto. A minit a rubuta inda ambulan ɗin yake, ban da abin da ke ciki. Da haka alkawarinku yana nan, babu dattijon da aka hana, kuma in wani abu ya sake faruwa tarihin gyara zai nuna sunan mai shi. Ka tuna wa Nehemiah cewa a yadda ake yanzu duka taran ake zargi, kai na goma.

Sauran aikin kwana biyu ne, amma ka bi shi da tsari. Kafin ka taɓa komai ka ɗauki kwafi na amsoshin da na fayil ɗin Hausar da ka fassara, a filashi da faifai, ɗaya ya zauna a ofis, kuma ka mayar da wannan aikin wata-wata. Sannan ka goge foldar ɗorawa, minti ɗaya ne. Ka rubuta wa masu ba ku wuri a intanet su kulle fayil ɗin saiti yadda ba za a iya rubutu a kansa ba, su kuma duba ko an cusa wani abu da ba naku ba. Daga nan ka sabunta manhajar. Yawanci ramuka ake toshewa a sabon samfuri, kuma masu ɓarna sun san ramukan tsohon, in kana da kwafin fassararka babu abin tsoro. Wurin sharhi ka rufe shi gaba ɗaya, masu karatunka a bango suke karatu. Wurin aiko da tambaya ka bar shi, amma ka kunna haruffan nan masu karkacewa da mutum ke kwafa kafin ya aika. Ka roƙi Uzodinma ya goge duk kalmomin da kwamfutocinsa suka haddace, kai kuma ka fita daga shafin duk lokacin da za ka tashi, ko da ruwa za ka sha ka dawo. Ka sa ranar gyara ta ƙarshe ta riƙa fitowa a kan kowace takarda, don a ƙauye a san tsohuwa da sabuwa. In ka gama, ka zauna ka karanta duka ɗari da arba'in da ukun, ka gwada da kwafin Maris. Abin da aka yi wa ɗaya ana iya yi wa wata.

Kada ka ƙarar da ƙarfinka wajen neman wanda ya yi, da wuya ka same shi. Mai yiwuwa wani ne da ya ga mutanen ƙauyensu ba su da duro, ya ƙara abin da ya ga ana yi. Wannan bai wanke shi ba, amma ya nuna akwai tambayar da amsarka ta tsallake: wanda ba shi da duro ko jarka fa? Ka rubuta masa amsa, kai ka san ta. Ka tambayi Susanna abin da mata ke da shi a gida kafin ka rubuta, zuwanka wurinta ma wajibi ne.

Batun zagi kuma, Baba, wuri talatin da ɗaya dattawan nan suka bi bayanka suna sharewa a shiru, ba su taɓa kai ƙararka taro ba. Wanda ya raina ka ba ya yi maka haka. Fushin da kake ɗauke da shi ba manomi ne ya jawo shi ba, ka daina sauke masa.

Gobe da safe ka tafi gidan Nehemiah, ba ofis ba, da sanarwar a rubuce da ambulan a hannu. Ka fara da naka kuskuren, ka gaya masa maganar kwamfutar kusa da taga kamar yadda ka gaya mini. Ka roƙe shi ya kira taron gaggawa a wannan mako. In duk da haka ya ce sai Nuwamba, ka canza kalmar a ranar, ka kai ambulan wurin fasto, ka sanar da kwamiti a rubuce, ka ɗauki abin da ya biyo baya, domin ran mutane yana gaba da minit. Amma ban yi zaton za a kai nan ba. Mutumin da ya tashi ya je duba iyalin Susanna ya riga ya san girman abin, hanyar da ba za ta kunyata dattawansa ba kawai yake nema, kai kuma yanzu kana da ita.

Allah ya ƙara wa iyalin Susanna lafiya, ya bar ku tare kai da abokinka, ya kai mu ƙarshen kakar bana babu wanda ya kwanta saboda abin da aka karanta masa.

Josephine.